MABUƊIN ƊAKIN LITTATTAFAI: LABARIN LI CINGJAO DA MIJINTA

A ƙasar Sin, in dattawa sunka tashi ba da misalin auren da jini ya haɗu, akwai wani labari da ba su rasa kawowa. Wani malami ne da matarsa, in sun gama cin abinci sai su ɗora shayi, su zauna gaban tarin littattafansu. Ɗaya ya ambaci wani al'amari na tarihi, ɗayan kuwa ya faɗi littafin da abin yake ciki, da babi, da shafi, har da layi. Wanda ya canka daidai shi ne zai fara kurɓa. Ita matar Allah ya hore mata riƙon karatu. In ta ci kuwa, sai ta ɗaga kofi tana ta dariya har shayin ya kife mata a jiki, ta tashi ba ta sha ko ɗigo ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Matar da kanta ta rubuta shi, sunanta kuwa Li Cingjao, wadda a littattafan zamani ake rubutawa Li Qingzhao. Sinawa sun yarda ba a yi mace mai rubuta waƙa da ta kama ƙafarta ba a tsohon adabinsu. Amma takardar da ta ba da labarin shayin tana ɗauke da waɗansu zantuka da masu yabon auren ba su cika son karantawa ba.

An haifi Li Cingjao cikin shekara ta 1084 a yankin Jinan, cikin lardin Shandong, zamanin daular Song. Ubanta Li Gefei malami ne, ma'aikacin fada, yana cikin almajiran shahararren marubucin nan Su Shi. Uwarta ma ta yi karatu. Saboda haka yarinya ta tashi cikin takarda da tawada, abin da ba kowace ɗiya ke samu ba a wancan zamani, tun kuwa ba ta yi aure ba manyan malamai na babban birni sunka fara jin labarin baitocinta.

Irin waƙar da ta fi shahara da ita Sinawa suna ce mata "ci". Yadda take shi ne, akwai karin waƙa sananne wanda mawaƙa sunka saba rerawa, sai marubuci ya ɗora nasa kalmomi bisa wannan kari, ba ƙari ba ragi, kamar dai yadda malaman waƙa na ƙasar Hausa kan ɗora sabbin baitoci bisa karin wata tsohuwar waƙa. Maza ne ke rubuta irin wannan waƙa, sau da yawa kuwa da bakin mace suke magana, macen da ke zaune a ɗaki tana begen wanda ya yi tafiya. Li Cingjao ta shigo fagen, mace tana magana da bakin mace, ba ta kuwa shigo da sunkuyar da kai ba. Ta rubuta wata gajeriyar maƙala inda ta bi manyan marubuta ɗaya bayan ɗaya tana nuna aibinsu. Ko Su Shi, malamin ubanta, ba ta ƙyale shi ba: ta ce nasa ba su bin kari yadda ya kamata.

AURE CIKIN RIKICIN FADA

Cikin shekara ta 1101 anka ɗaura mata aure da Jao Mingceng a Kaifeng, babban birnin daular. Bisa lissafin Sinawa tana da shekara 18, shi kuwa 21, yana ɗalibi a babbar makarantar gwamnati. Iyayensu duka manyan ma'aikata ne, amma yaran ba su da kuɗi a hannu. Ran ɗaya ga wata da ran goma sha biyar akan ba ɗalibai hutu. Sai Jao ya kai tufafinsa jingina, ya karɓi tsabar kuɗin tagulla 500, ya nufi kasuwar da ke ci a harabar wani babban gidan ibada na birnin, ya sayo ƴaƴan itace da takardun rubutun dutse. Ya dawo gida su baje su, suna tauna suna dubawa.

Ya kamata mai karatu ya san mene ne wannan takarda, don ita ce ginshiƙin labarin. Mutanen Sin na dā sukan sassaƙa rubutu a jikin duwatsu da tasoshin tagulla. Mai son ya mallaki rubutun sai ya jiƙa takarda marar kauri, ya manna ta a jikin dutsen, ya bubbuga har ta shiga cikin sassaƙar, sa'an nan ya shafa tawada da ƙullin tsumma. In an ɓamɓaro, takarda ta yi baƙi, rubutu ya fito fari. Jao tun yana yaro wannan ne abin da ya ɗauke masa hankali. A ganinsa mai rubuta tarihi yana iya kuskure ko son zuciya, amma dutsen da anka sassaƙa a lokacin da abu ya faru shaida ne da za a gyara littafi da shi.

Wata rana wani ya kawo musu zanen furanni na wani tsohon gwani, ya sa masa kuɗi 200.000. Ko ɗan attajiri sai ya yi gumi kafin ya tara wannan. Sunka riƙe zanen kwana biyu suna kallo, sunka mayar, sunka yi kwanaki suna duban juna da baƙin ciki.

Shekara guda da auren, rikici ya tashi a fada. Ma'aikatan Song sun rabu gida biyu, masu goyon sauye-sauye da masu ƙinsu. Cikin 1102 ɓangaren sauye-sauye ya yi rinjaye, anka rubuta sunayen abokan hamayya, anka sassaƙa su a dutse, anka kore su daga aiki. Sunan Li Gefei yana ciki. Surukinta Jao Tingji kuwa yana cikin waɗanda sunka yi rinjaye, yana ta hawa har ya kai ga wazirci. Amarya ta samu kanta tsakanin uba da suruki. Ta aika wa surukin baitoci tana roƙon ya dubi zumunci, abin da bai hana a kori ubanta ba. Duniya kuwa rawar ƴan mata ce: cikin 1107 shi ma surukin anka tuɓe shi, kwanaki kaɗan bayan haka ya rasu, maƙiyansa sunka juyo kan iyalinsa. Jao Mingceng ya kwashi matarsa sunka koma garin Cingjou, can cikin Shandong.

Nan sunka zauna fiye da shekara goma, nan ne kuma anka yi wasan shayin. Duk abin da ya shigo hannu littafi ne ko tsohuwar tasa. In sun sami sabon littafi sai su zauna tare su gwada shi da wani, su gyara kurakurai, su rubuta masa suna. Sun sa wa kansu doka, kowane dare kyandir guda, in ya ƙare a kwanta. Ta ce da son samu ne a nan za ta tsufa.

To, ga abin da ke biye a takardar. Da littattafai sunka yi yawa, sai anka gina musu ɗaki, anka sa manyan akwatuna, anka ba kowane lamba, anka buɗe kundi. Mai son ya karanta sai ya roƙi mabuɗi, a rubuta a kundi, kana ya ɗauka. In littafi ya yi ɗan tabo ko ya yage, sai faɗa, sai a tilasta wa mai laifi ya gyara. Ba ta ambaci sunan mai riƙe da mabuɗin ba, amma gidan mutum biyu ne masu karatu, ba sai an faɗa ba. Ta ce abin da anka nema don jin daɗi ya koma abin fargaba, ita kuwa ba ta da haƙurin wannan. Sai ta rage cefane, ta daina sayen tufafi masu ado, ta bar kayan ƙawa na kai, kuɗin da ta tsimi ta riƙa sayen littattafai marasa tsada, in dai rubutunsu cikakke ne, waɗanda za ta baza bisa tebur da gefen matashi ba mai ce mata kanzil. Matar da ta san shafi da layi na kowane littafi a gidan, ita ce ke tsimin kuɗin nama don ta samu na karantawa ba da izini ba.

Allah bai ba su haihuwa ba. Cikin 1121 Jao ya koma aikin gwamnati, anka ba shi mulkin garin Laijou, wato kamar perefe, daga baya anka mai da shi wani gari. Yana aiki yana haɗa babban littafinsa, Jin Shi Lu, ma'ana kundin rubutun ƙarfe da dutse: babi 30, ya jera rubutu 2.000 a ciki, ya yi sharhi kan kimanin 500.

AMALANKE GOMA SHA BIYAR

Can arewa wata ƙabila mai suna Jurcen ta kafa daular Jin. A farkon 1127 mayaƙanta sunka ci Kaifeng, sunka kama sarki da ubansa tsohon sarki, sunka tafi da su arewa da dubban mutanen fada. Wani ɗan sarki da ya tsira ya hau gadon, ya gudu kudu. Shi ne Gaozong.

Ana cikin haka uwar Jao ta rasu a Jiankang, birnin da yau ake kira Nanjin, dole ya tafi jana'iza. Sai tambaya ta taso, me za a ɗauka, me za a bari? Anka ware manyan littattafai masu nauyi, anka ware zane-zane masu faɗi, anka ware tasoshin da ba su da rubutu. Anka sāke tacewa. Duk da haka abin da ya rage ya cika amalanke 15. Anka ƙetare kogin Huai da kogin Yangtse da su cikin jerin jirage. Sauran anka kulle a ɗakuna fiye da goma a Cingjou, da niyyar a dawo a kwasa in bazara ta yi. Kafin shekara ta ƙare wuta ta cinye su ƙurmus.

Cikin 1128 anka naɗa Jao gwamnan Jiankang. Farkon shekara mai biye wani hafsan soja ya shirya bore cikin birnin. Da dare gwamna ya ɗaura igiya ya sauka ta bayan ganuwa ya gudu, ya bar waɗansu sunka kashe wutar. Anka tuɓe shi. Matarsa ba ta rubuta wannan a takardarta ba ko da kalma guda, marubutan tarihi ne sunka adana shi. Akwai dai wata gajeriyar waƙa tata da ke yabon wani jarumi na dā wanda ya zaɓi mutuwa bisa ƙetare kogi ya tsira. Masu karatu da yawa suna jin da fadawan da sunka gudu kudu take, waɗansu kuma suna ƙarawa da mijin.

Sunka shiga jirgi sunka bi kogi sama suna neman wurin zama. Sun isa Ciyang ke nan takarda ta iske Jao cewa an ba shi mulkin Hujou, ya zo ya ga sarki. Ran 13 ga wata na 6 na lissafin Sinawa, cikin 1129, ya sauka daga jirgi. Ta kwatanta shi yana zaune bakin gaɓa da rigar zafi, ɗaurin kansa ya ja baya, idanunsa suna ƙyalli kamar na damisa. Gabanta ya faɗi. Ta ɗaga murya daga cikin jirgi ta tambaye shi yadda za ta yi in gari ya rikice. Ya nuna ta da yatsa daga nesa ya ce ta bi jama'a. In ya zama dole ta fara yar da kayan gida, sa'an nan tufafi, sa'an nan littattafai da zane, sa'an nan tsofaffin tasoshi. Amma tasoshin hadayar kakanni ta rungume su da kanta, in za su halaka su halaka tare. Ya hau doki ya tafi.

Ta jera maganar kamar yadda ya faɗe ta, ba ta yi sharhi ba. Wanda ya duba jerin zai ga komai yana da matsayi a ciki, ran mai ɗaukar kayan kuwa an ɗaure shi da na tasa.

Ya yi sukuwa cikin tsananin zafi, masassara ta kama shi a Jiankang. Da labari ya iske ta hankalinta ya tashi, don ta san shi da gaggawa, ta san zai sha magunguna masu sanyaya jiki ba awo. Ta sa jirgi ya yi li 300 cikin yini da dare, wato fiye da kilomita 150. Ta iske abin da ta ji tsoro ya auku, gudawa ta haɗu da masassara. Ran 18 ga wata na 8 ya karɓi alƙalami ya rubuta waƙa, ya ajiye, ya cika. Bai bar wasiyya game da yadda za ta zauna ba.

Abin da ya bar mata shi ne littattafai kimanin 20.000 bisa ƙirgan babi, da naɗin rubutun dutse 2.000, ga ciwo, ga yaƙi yana matsowa. Mafi yawa ta aika Hongjou wajen wani surukin mijinta. Kafin shekara ta ƙare mayaƙan Jin sunka ci garin, kaya sunka bi ruwa. Ita kuwa ta bi sawun fada, inda ƙanenta ke aiki, gari bayan gari, har cikin teku, domin sarki da kansa jirgi ya shiga ya gudu. Sai kuma jita-jita ta tashi wai mijinta ya taɓa ba mutanen Jin kyautar wata buta ta dutse mai daraja, zancen da ke iya zama cin amanar ƙasa. Tsoro ya sa ta tattara tasoshin tagulla don ta miƙa wa fada, ba su isa ba, sunka ƙare a hannun wani hafsa. Ƴan adudai da sunka rage ta riƙa ajiyewa ƙarƙashin gadonta. A Shaoshing ɓarayi sunka huda bango da dare sunka kwashe biyar. Ta sa lada. Bayan kwana biyu maƙwabci ya zo da naɗi 18 yana neman tukuici, nan ta gane ɓarawon ba daga nesa ya zo ba.

KWANA ƊARI DA KWANA TARA

Cikin 1132 a Hangjou, tana kusan shekara hamsin, tana kwance ba lafiya, wani ƙaramin ma'aikaci mai suna Jang Rujou ya aiko neman aurenta da daɗin baki. Anka ɗaura. Ba a daɗe ba ta gane abin da ya rage na kayan tarihi yake so, da bai samu yadda yake so ba sai duka. Mace a wancan zamani ba ta da hanyar sakin miji. Sai ta nemo wata ƙofa: ta gano ya yi ƙarya game da yawan jarrabawar da ya zauna don ya samu muƙami, ta kai ƙara. Ta san dokar Song ta ce matar da ta kai ƙarar mijinta za ta yi shekara biyu a ɗaure ko da gaskiya ta faɗa. Anka tabbatar da laifinsa, anka tuɓe shi, anka kore shi can kudu mai nisa, aure ya mutu bayan kimanin kwana ɗari. Ita kuma anka kai ta gidan kaso. Kwana tara ta yi, wani babban malamin fada mai suna Ci Congli, dangin mijinta na fari, ya sa baki anka sake ta. Wasiƙar godiyar da ta rubuta masa tana nan, a ciki ne ta ba da labarin duka.

Malaman zamaninta sun yi mata dariya a rubuce. Har waɗanda sunka yarda ba macen da ta kai ta iya magana sun ce ta zubar da mutuncinta da tsufa. Abin mamaki ya zo bayan ƙarnuka. Zamanin daulolin Ming da Cing, lokacin da anka ɗaukaka zaman gwauruwa ba aure har ana gina wa masu yinsa ƙofofin girmamawa, sunan Li Cingjao ya riga ya yi girman da ba a iya yar da shi. Sai malamai sunka zaɓi su ce auren na biyu bai faru ba sam, ƙage ne na maƙiya, wasiƙar ma an yi mata cushe. Wani mai suna Yu Jengshie a ƙarni na 19 ya yi dogon rubutu a kan haka, jama'a sunka karɓa. Masu bincike na yanzu yawancinsu sun koma ga shaidar mutanen ƙarninta, waɗanda da dama sun ambaci auren ba tare da wani ya musa ba. Waɗancan masu kāre ta sun so matar shayi, ba su so wadda ta tsaya gaban alƙali ba, alhali mace ɗaya ce.

A wajajen 1134 ta buɗe littafin mijinta, ta ga rubutun hannunsa kamar jiya ya yi shi, ta tuna itatuwan kabarinsa sun riga sun yi kauri. Sai ta rubuta masa jawabin ƙarshe, wato takardar nan da ta ƙunshi shayi da mabuɗi da bakin gaɓa. Akwai ƙauna a cikinta wadda ba ta ɓoyuwa, akwai kuma tambayar da ta yi wa kanta, ko son littafi da son dukiya ba ciwo ɗaya ba ne. Daga baya ta miƙa littafin ga fada, shi ya sa bai ɓata ba. Masu binciken tarihin Sin suna amfani da shi har yau, don da yawa daga duwatsun da ya ambata sun salwanta. Nata waƙoƙin ba su sami mai yi musu irin wannan hidima ba. Kundinta ya ɓace, abin da anka tsinto daga littattafan waɗansu bai kai ɗari ba.

Ta rayu har wajajen 1155, ta haura shekara saba'in, a yankin Hangjou. Labari na ƙarshe da anka samu game da ita ya fito ne daga alƙalamin Lu You, wani babban marubucin waƙa, cikin rubutun kabarin da ya yi wa wata mata ta gidan Sun. Ya ce lokacin da matar tana yarinya ƴar shekara goma da ɗoriya, tsohuwa Li ta ga hazaƙarta, ta nemi ta koya mata abin da ta sani na waƙa. Yarinya ta ƙi, ta ce gwanintar magana ba aikin mata ba ne. Ubanta ya ji daɗi ƙwarai, ya kwafo mata labaran mata masu ladabi na dā ya ba ta ta karanta. Lu You ya kawo zancen ne cikin jerin kyawawan halayen marigayiyar.